A Daina Raina Mai Cire Matokarai

Masu tallar na'urorin buga samfuri da rezin suna da maganar da ba sa gajiya da ita: yi zane a kwamfuta, danna maɓalli, ɗauki kayanka. Abin da ke biyo bayan tsayawar na'ura kuwa, wato wanki da cire matokarai da goge faranti, sai a bar wa yaron shago, wai aikin ɓata hannu ne. Ban yarda ba ko kaɗan. A wannan gaɓar ce samfuri ke yin kyau ko ya tashi a banza.

Hideo Kodama na Nagoya ya wallafa dabarar daskarar da rezin da haske a 1981, Chuck Hull ya samu takardar mallakar fasahar a Amurka a 1986, sannan kamfanin Formlabs ya fito da ƙaramar na'urarsa ta kan tebur a 2012. Duk tsawon wannan lokaci matsala ɗaya ta ƙi tafiya: ruwa ba ya ɗaukar nauyin abin da ke rataye. A ƙananan na'urori samfurin a kife yake fitowa, manne da faranti, kuma kowane hawa mai kaurin milimita 0.05 sai an ɓamɓaro shi daga ledar da ke gindin kwano kafin a ɗora na gaba. Matokarai ne ke riƙe shi a wannan fizga.

Inda gwaninta take shi ne lokacin cirewa. Wasu sun ce a fara gasa samfurin da hasken UV, ya yi ƙarfi, sannan a yanke. Tunanin magini ne wannan, wanda ba ya taɓa katakon dekin sai siminti ya bushe, kuma rezin ba haka yake ba. Idan ya gasu sai ya yi gautsi, matokari ya ɓalle tare da ɗan naman samfurin, ya bar rami. Ramin sai ciko, alhali tudun da ya rage samfefa ce maganinsa. Gwani yana wanke kayan a sifirit, ya bari ya sha iska, ya tsoma shi cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci. Kan matokarin, wanda sau da yawa bai kai rabin milimita ba, sai ya yi laushi. Ya fara daga gefe, ya tura da babban yatsa cikin safar roba, su riƙa saki layi-layi da 'yar ƙara. Da ya iso wurin siriri, kamar ƙaramin fil ko bakin zobe, sai ya daina turawa, ya ɗauki filaya mai yanka, ya bar ɗan tudu da gangan. Sai dai siraran kaya masu saurin lanƙwashewa, su kam a gasa su da matokaransu, wannan na yarda. Ruwan ɗumin nan kuma ya gurɓata, ba a zuba shi a kwata.

Faranti ba ya son dogon bayani, yana son gaskiya. A zura makankarin ƙarfe a kwance ƙarƙashin gindin matokarai, ana tura shi gaba, nesa da hannu, a goge da sifirit, a shafa a ji ko wani ɓurɓushi ya rage. Ƙwaya ɗaya da ta daskare ta isa ta huda ledar kwano idan farantin ya sauko, rezin ya zubo kan gilashin da ke ƙarƙashin kwanon. Ƙarfe kuwa ba ya shiga kwano, na roba ake sawa.

Duk wannan shi ya sa nake ganin kuskure ne a raba mai dasa matokarai a kwamfuta da mai cire su. Manhaja tana dasa su da kanta, amma lissafin nauyi da kusurwa take yi, ba ta san wace fuska ido zai kalla ba. Wanda ya sha goge tabo a kan fuskar samfuri shi zai karkatar da kayan a kan faranti, ya mayar da matokarai baya, ya rage kaurin kawunansu, ya huda ƙofar da rezin zai tsiyaye daga cikin abu mai rami. A ɗakunan haɗa haƙora, inda samfurin dole ya zauna daidai da bakin mutum, ba a yarda matokari ya taɓa gefen haƙorin da za a rufe, a gindi ake jera su. Yaron shagon da ya ƙware a cirewa, a ba shi kujerar kwamfutar ya dasa da kansa.