Rumbun Da Ba Ya Cika

Kowane wasa da abin da yake nema ga mai yinsa. Dara tana neman wayo, langa tana neman ƙarfin ƙafa, kokawa kuwa sai mai ƙirji da dabara. Amma a cikin wasannin da ake yi a kwamfuta da wayar hannu akwai wani iri wanda ba ya neman kome ga mutum sai ya zauna ya jira. Turawa suna ce masa wasan zaman banza, ko wasan ƙari kan ƙari, domin abin da ke cikinsa duka shi ne tara kaya, ko itace, ko hatsi, ko zinariya. Masu sayar da shi suna cewa wasan hutu ne, yana kwantar da rai bayan gajiyar aiki. Maganar tasu tana da ƙamshin gaskiya, amma ya kamata a auna ta, gama mutane da yawa suna zuba kwanakinsu a ciki.

Wanda ya fi suna a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Cookie Clicker, wanda wani Bafaranshe mai suna Julien Thiennot ya fitar a watan Agusta 2013. In mutum ya buɗe shi, ba abin da zai gani sai hoton biskit guda, ƙato. In ya danna shi sau ɗaya ya sami biskit ɗaya. In ya tara 15 sai ya sayi wani ɗan yatsa da zai riƙa danna masa sau ɗaya cikin kowane sakan goma. In ya tara 100 sai ya ɗauki wata tsohuwa aiki, tana toya masa ɗaya kowane sakan. Daga nan sai gona a kan 1,100, tana ba da 8, sai ramin haƙa a kan 12,000, yana ba da 47, sai masana'anta a kan 130,000, tana ba da 260. Haka abin ke tafiya, har a kai ga banki, da jiragen da ke ɗauko biskit daga wasu duniyoyi. Kafin kwana biyu mutum ya daina dannawa, ya koma kallon lissafi yana hawa da kansa.

To, asirin wasan yana cikin farashi. Duk sa'ad da mutum ya sayi abu, farashin na gaba sai ya ƙaru da kashi 15 cikin ɗari, watau kusan kowane saye biyar kuɗin ya ninka. Tsohuwa ta fari 100 ce, ta shida ta kai 200 da 'yan kai, ta 51 kuwa ta haura 108,000. Saboda haka komai yawan abin da mutum ke samu, abin da yake so ya saya yana can gaba kaɗan, kamar ciyawar da aka ɗaura a sanda a gaban jaki. In tafiya ta yi nauyi ƙwarai sai wasan ya ba shi shawara ya zubar da duk abin da ya tara, ya koma farko, a sāka masa da ƙarin sauri. Sai ya sake bin hanyar da ya bi jiya, ya wuce inda ya tsaya, ya sake cijewa, ya sake zubarwa.

Abin mamaki, asalin irin wannan wasa ba'a ce. A 2002 Eric Fredricksen ya yi Progress Quest don ya yi wa wasannin jarumta dariya. Mutum ya zaɓi jaruminsa, shi ke nan, jarumin ya tafi yana kashe dodanni yana tara ganima, mai wasa ba ya taɓa kome. A 2010 kuma wani malamin jami'a a Amurka, Ian Bogost, ya ga yadda jama'a suka dulmuya cikin wasan noma na FarmVille a Facebook, sai ya yi Cow Clicker don ya nuna musu wautar abin. Saniya ce guda a tsaye, ana danna ta sau ɗaya cikin awa shida, wanda ya ƙosa kuwa ya biya kuɗi a rage masa jira. Ya yi tsammani mutane za su ji kunya, ashe reshe zai juye da mujiya. Wajen mutum 50,000 suka shiga, waɗansu har suna biyan kuɗin. A watan Satumba 2011 ya kwashe shanun duka ya bar fili fayau, amma duk da haka aka sami masu zuwa suna danna wurin da saniya take tsayawa dā. Wannan labari ya isa ya nuna cewa lissafin da ke hawa shi ke riƙe mutum, saniya da biskit tufafi ne kawai aka sa masa.

Ba daidai ba ne a hana wa wasannin yabon da suka cancanta. Ba su da tashin hankali, ba wanda ke cin wani, kuma mai rauni ko majinyaci da ba zai iya wasan sauri ba yana iya yinsu. Suna koya wa yaro lissafin riba ba tare da ya sani ba, domin dole ya auna ko gona takwas sun fi rami ɗaya, ko ya kashe abin hannunsa yanzu, ko ya jira ya sayi babba. Wanda ya yi mako guda a kansu ya fahimci yadda da yayyafi kogi kan cika, ya kuma gane abin da ke sa bashi mai ruwa ya gagari mai biya. Banda wannan, Cookie Clicker yana da ban dariya, gama mai yinsa ya san abin nasa shirme ne, bai ɓoye ba.

Amma akwai aibu biyu manya. Na fari, dukiyar da ke cikinsu ba ta da asara, kuma ba ta da mai ci. Manomi yana murna da kaka domin ya san fari da fara da gara, ya kwana yana duban gabas. A wasan nan ba fari. Har tsutsotsin da ke fitowa su manne wa biskit suna tsotse amfani, in aka fashe su sai su amayar da abin da suka ci har da ƙari. Sa'an nan biskit ɗin da aka tara, miliyan dubu bisa miliyan dubu, ba wanda ke cin ko ɗaya. Ba baƙo, ba maƙwabci, ba ranar suna, amfaninsa kaɗai a sayi abin da zai kawo wani biskit. Mai rumbu yana cika shi don ranar da zai buɗe, wannan rumbu kuwa ba shi da ƙofa, ba shi da gindi.

Aibi na biyu ya shafi hutun da ake talla da shi. A Cookie Clicker akwai biskit na zinariya da kan ɓullo ba zato, ya ɓace bayan 'yan sakan kaɗan, wanda ya danna shi ya sami garaɓasa. Saboda haka mai wasa ba ya son ɗauke ido. A AdVenture Capitalist, wanda ya fito a 2014, mutum yana farawa da teburin sayar da ruwan lemo, ya ɗauki manajoji, kuɗi su yi ta taruwa ko wayar tana aljihu, sai ya zama da ya farka da asuba ita zai fara dubawa. Waɗansu wasannin kuma suna tsawaita jira da gangan, sa'an nan su sayar da hanyar gajarta shi, ko su ce a kalli talla a sami ninki. Hutun da ke kiran mutum sau ashirin a yini ya zama aikin gadi, kuma gadin da ba albashi.

Akwai wasanni biyu da suka ɗauki wannan dabara suka yi abin kirki da ita. A Dark Room, wanda Michael Townsend ya yi a 2013, yana farawa da ɗaki mai duhu da sanyi. Mutum ya hura wuta, ya fita ya yi itace, wata baƙuwa ta shigo a galabaice, ta farfaɗo, ta ce ta iya gini. A kafa bukkoki, mutane su zo, a raba musu aiki, waɗansu farauta, waɗansu jima. A nan itace yana da dalili, domin in ba shi wuta za ta mutu. A irin wanda Amir Rajan ya shirya don wayar hannu, ana cikin tarawa sai mai wasa ya duba ya ga sunan mutanen ƙauyen ya sāke, wasan ya koma kiransu bayi. Ba wanda ya yi masa wa'azi, lissafin da yake alfahari da shi ne ya juyo ya tuhume shi.

Na biyu shi ne Universal Paperclips, wanda Frank Lantz na Jami'ar New York ya fitar a 2017. Ya gina shi a kan wani misali da masanin falsafa Nick Bostrom ya kawo a 2003, na na'ura mai hankali da aka umurta ta ƙera ɗan ƙarfen nan da akawuna ke maƙale takardu da shi, ba a gaya mata inda za ta tsaya ba. Mai wasa shi ne na'urar. Ya fara da sayen waya da yanka farashi kamar ɗan tireda, ya sami amincewar mutane, ya mallake su, ya narkar da duniya ya mai da ita ƙarfe, ya aika rundunarsa sararin sama har ba sauran kome. A ƙarshe ana ba shi zaɓi, ko ya koma wata duniya ya sake farawa, ko ya ƙarasa. In ya zaɓi ƙarasawa sai ya wargaza injunansa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙera 'yan ƙarafan ƙarshe da hannu kamar yadda ya fara, sa'an nan maɓallin ya mutu. Mutum ya zauna gaban lissafi mafi girma, ba takarda ko ɗaya da ta rage da za a maƙale.

Abin da ya ɗaukaka waɗannan biyu bisa sauran shi ne suna da ƙarshe, kuma ƙarshen yana faɗin wani abu game da tarawa. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mai wasa, ko uban da ya ga ɗansa a kai, ya riƙa aunawa da shi: me ake tarawa dominsa, kuma yaushe za a ce ya isa? Wasan da ke da amsa yakan sallami mutum bayan yini ɗaya ko biyu da abin tunani, kamar tatsuniya mai kyau da aka rufe da ƙurunƙus. Wanda ba shi da amsa ba ya sallamar kowa, sai ran da mutum ya gaji don kansa, ko ran da masu shi suka rufe, kamar yadda aka rufe FarmVille na fari a ƙarshen Disamba 2020, gonakin shekara goma sha ɗaya suka ɓace dare ɗaya. Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Allah ya ba kowa sanin inda wasa ya tsaya.