Zaren da maganaɗisu ke ja a cikin ƙwaƙwalwa

Idan ana lissafin abubuwan da suka burge ni a fagen likitanci cikin 'yan shekarun nan, ba na wuce zaren nan da Yoonho Kim da malaminsa Xuanhe Zhao suka ƙera a jami'ar MIT ta Amurka. Tubarkalla! Ɗan siririn abu ne, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, amma ka kalli bidiyon da suka fitar a 2019, ka ga yadda yake lanƙwasa kai yana bin lungu-lungun jijiyoyi, wallahi sai ka rantse ido gare shi.

Sai ka san wahalar da ake sha kafin ka yaba masa yadda ya kamata. Yawancin shanyewar ɓarin jiki, gudan jini ne ke toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. Tun 2015, bayan gwajin MR CLEAN na ƙasar Holan da wasu da suka biyo baya, aka tabbatar cewa zaro gudan ta cikin jijiya yana ceton mutane daga nakasa. Ba a fasa ƙoƙon kai. Jijiyar gindin cinya ake hudawa, a zura waya, ta ratsa ciki da ƙirji da wuya har ta isa kai. To amma fa likita daga can ƙasa yake murza wayar da yatsu, idonsa a kan hoton eksire, jikinsa sanye da rigar dalma mai nauyin tsiya saboda hasken na'urar. In bakin wayar ya ƙi shiga kwana, sai a ja baya a sake. Ga shi lokaci ba ya jira: lissafin da Jeffrey Saver ya yi a 2006 ya nuna mai irin wannan ciwo yana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti.

Nan ne mutanen nan suka nuna gwaninta. Maimakon a murza gindi, sai suka ce a ja kai! Cikin zaren ƙarfe ne da ake kira nitinol, haɗin nikel da titaniyom, mai lanƙwasuwa ya koma yadda yake. Suka lulluɓe shi da roba mai cike da garin maganaɗisu, sannan suka yi masa wata fata mai riƙe ruwa, santsi kamar yauƙin kuɓewa, wadda ta rage gogayya da bangon jijiya fiye da ninki goma. Babban maganaɗisu kuwa yana waje, kusa da kan majinyaci. Inda ya karkata, nan bakin zaren zai bi. Ba inji a ciki, ba batir, ba komai. Wannan sauƙin ne ya tafi da ni. Sun fara gwada shi ta cikin jerin ƙananan zobba, ya wuce sumul, sannan suka saka shi a jijiyoyin roba da aka kwaikwayo daga hoton kan wani majinyaci na gaske, har da wuraren da jijiya ta kumbura tana shirin fashewa.

A 2022 suka ƙara armashi. Suka ɗora maganaɗisun a hannun mutum-mutumi, likita kuma ya koma gefe da sandar tuƙi irin ta wasan bidiyo. Likitocin ƙwaƙwalwa na babban asibitin Massachusetts, horon awa ɗaya kacal aka ba su suka iya. Awa ɗaya fa!

Ba su ne farkon masu aiki daga nesa ba, gaskiya. A Disambar 2018 Dakta Tejas Patel ya buɗe jijiyoyin zuciyar majinyata a Ahmedabad ta Indiya yana zaune kimanin kilomita 32 daga gare su, da na'urar CorPath GRX. A 2019 Vitor Mendes Pereira ya yi amfani da ita a Toronto wajen gyara kumburin jijiyar ƙwaƙwalwa. Na jinjina musu. Sai dai waccan na'ura tura waya take yi tana murzawa kamar yadda hannu ke yi, na MIT kuwa kan ne maganaɗisu ke karkatarwa ya bi hanya.

Masu gyara zance za su ce ai a roba da jijiyar alade aka gwada zaren a rahotannin da mutanen MIT suka fitar, ba a kan ɗan Adam ba. Haka ne, kuma ko a jikina. Ni abin da nake hangowa shi ne dattijon da ya faɗi a garin da ke da tafiyar awa huɗu zuwa Kano ko Zariya, ƙwararre ya zaro masa gudan jinin daga inda yake zaune. Asibitin garin dai sai ya tanadi na'urar hoton jijiya, da wanda zai huda cinyar, da wuta da intanet marasa yankewa.