Tukunya, Tsintsiya Da Hasumiya: Yadda Kirista Ke Karanta Yininsa

Akwai wani salon rubutu da magana da ya zama jiki a wurin Kiristoci, har ba a cika tsayawa a dube shi da idon nazari ba. Shafi guda ne, wani lokaci ma rabi. A sama akwai aya daga Littafi Mai Tsarki, sai ɗan labarin wani abu da marubucin ya gani a hanya ko ya same shi a gida, sai darasi, sai gajeriyar addu'a. Haka tsarin ɗan littafin nan Our Daily Bread yake, wanda aka fara bugawa a Grand Rapids ta Amurka a 1956. Haka ma The Upper Room na 'yan Methodist, wanda ya riga shi fitowa tun 1935, kuma masu karanta shi ne da kansu ke aiko da rubuce-rubucen da ke ciki. A ikilisiyoyin da ake sujada da Hausa kuwa, daga Wusasa zuwa Jos, daga Kaltungo zuwa Maraɗi, salon ya fi rayuwa a baki: a farkon wa'azin ranar Lahadi, a lokacin ba da shaida, a taron Zumuntar Mata, a addu'ar safe ta iyali. Mutum ya ga abu, ya tashi ya ce abin ya koya masa wani abu game da Allah.

Ina ƙaunar wannan al'ada, shi ya sa nake ganin ta cancanci a yi mata tambaya mai tsauri. Darasin nan, daga abin da aka gani ya fito, ko kuwa da ma yana aljihun mai magana, inda zai rataye shi kawai yake nema?

Tushen al'adar yana cikin Littafi Mai Tsarki kansa. A sura ta 18 ta littafin Irmiya, gidan maginin tukwane aka tura annabin. Ya tsaya yana kallo, tukunyar da ake ginawa ta lalace a hannun maginin, shi kuwa bai yar da yumɓun ba, ya sāke gina wata da shi. Sai da Irmiya ya gama kallo sannan saƙon ya zo masa. Kallo tukuna, magana daga baya. Littafin Karin Magana ya tura rago wurin tururuwa, Amos ya ga kwandon 'ya'yan itace. Musulmin da ke karanta wannan ba zai ji baƙunta ba, don addininsa ya kwaɗaitar da shi yin tafakkuri a kan halitta, har akwai surorin Alƙur'ani masu ɗauke da sunan kudan zuma da tururuwa da gizo-gizo.

Amma ma'aunin da Kirista ke auna kowane misali da shi, shi ne misalan Yesu. Abu biyu ne a cikinsu da ba kasafai masu kwaikwayo ke haɗawa ba. Na farko, an ga abin da kyau. Macen da ta ɓatar da tsabar kuɗi ɗaya cikin goma, fitila ta kunna kafin ta ɗau tsintsiya, domin ɗakin talaka ba ya da haske ko da rana. Wanda ya yi wa tsohuwar riga maho da sabon ƙyalle, yagewar ƙaruwa take yi, kuma duk tela ya san dalili. Mutumin da abokinsa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar dare neman gurasa, abin da ya hana shi tashi shi ne yara sun riga sun kwanta tare da shi. Wanda ya faɗi waɗannan ya zauna cikin mutane, ya san ɗakunansu.

Na biyu, kuma shi ne ya fi wuya, labarin yakan juya ta inda mai sauraro bai zata ba. A sura ta 20 ta Matiyu, mai gonar inabi ya ɗauki 'yan ƙwadago da sassafe a kan dinari guda, ya koma kasuwa da hantsi ya ƙaro wasu, haka da tsakar rana da azahar, har da waɗanda ya ɗauko saura sa'a guda a tashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya da fartanya ko shebur yana jiran mai ɗauka ya san wannan tsayuwa. To amma da aka zo biya, kowa dinari guda aka ba shi, aka ma fara da na ƙarshe. Waɗanda suka sha rana suka yi gunaguni, kuma mai karatu mai gaskiya ya san da shi ne a wurin da ya taya su. Misalin ya fara da abin da muka sani ne domin ya kai mu ga abin da ba mu so mu ji ba, cewa alherin Allah ba ya bin lissafin lada. Wanda ya saurara bai koma gida da ra'ayin da ya zo da shi ba.

Mayar da wannan abu sana'ar rubutu kuwa, a Turai aka yi shi bayan gyaran ikilisiya na ƙarni na 16. Martin Luther ya ƙi yarda cewa tsarki na 'yan zuhudu ne kaɗai. A rubutunsa kan aure na 1522 har ya kawo misalin uba mai wanke tsummokan jaririnsa, ya ce in da bangaskiya ya yi, aikin abin farin ciki ne a gaban Allah, ko da mutane sun yi masa ba'a. Da gida da gona da shago suka zama wuraren ibada, sai aka buƙaci littattafan da za su koya wa mutane karanta su. A Ingila, Bishop Joseph Hall ya fitar da tarin gajerun tunane-tunane a 1630, kowanne a kan abin da ido ya faɗa wa: gizo-gizo a taga, kare mai haushi, hankaka yana tsigar gashin tunkiya. John Flavel, fasto a garin Dartmouth na bakin teku, ya rubuta wa ma'aikatan jiragen ruwa littafi a 1664 da misalan iska da igiyar ruwa, ya kuma rubuta wa manoma nasu a 1669. Ƙarfin Flavel shi ne ya san waɗanda yake yi wa magana. Mutanen da ke binne 'yan'uwansu a teku ba sa buƙatar a ƙirƙiro musu tsoron hadari.

Ba a jima ba rauni ya bayyana. Robert Boyle, masanin kimiyyar nan da ɗalibai ke haddace dokarsa kan iska, shi ma ya buga nasa tunane-tunanen a 1665. Jonathan Swift, wanda shi kansa limamin coci ne, ya kwaikwayi salonsa ya rubuta tunani a kan tsintsiya, aka buga a 1710: da itace ce mai ganye a daji, yanzu ga ta kai ƙasa, tana share datti tana kwasar wani a jikinta, ashe ɗan Adam ma tsintsiya ne. Ana ba da labarin cewa ya karanta wa wata uwargida mai son littafin Boyle, ta kuwa yaba, ba ta gane ba na Boyle ba ne. Abin da Swift ya tona ya fi ba'a nauyi. In har kowane abu zai iya haifar da kowane darasi, to ba abin da aka gani ke nan.

Ga yadda za a gwada. Ɗauki misalin da ake yawan ji yau: wayar da ba a sa ta a caji ba mutuwa take yi, haka Kiristan da ba ya addu'a. Cire wayar ka sa mota da man fetur, ko janareto, ko fitilar kananzir. Darasin bai motsa ba ko kaɗan. Gaskiya ne addu'a wajibi ce, amma wayar ba ta koya wa kowa komai ba, ɗan dako kawai aka mai da ita. Gwada haka da misalin 'yan ƙwadago: cire biyan dinari guda ga kowa, komai ya rushe. Ban raina misali mai sauƙi ba, yana taimaka wa yara a makarantar Lahadi, yana kuma farkar da mai gyangyaɗi. Damuwata ita ce idan shi kaɗai ake ci kullum, jama'a sukan saba da tunanin cewa duniya ba ta da abin da za ta faɗa musu sai abin da fasto ya riga ya faɗa.

Akwai wani reshe na al'adar da ya bi wata hanya dabam, kuma a ganina shi ya fi zurfi. Nicolas Herman, ɗan yankin Lorraine, tsohon soja ne da ya ji rauni a yaƙi, ya yi barantaka a gidan wani babba, daga baya ya shiga gidan 'yan zuhudun Karmel a Paris, inda aka san shi da Ɗan'uwa Lawrence. Ba shi da ilimin zama fada, sai aka tura shi madafi, aikin da shi kansa ya ce ba ya so. Ya yi shekaru goma sha biyar a can, daga baya ƙafarsa ta matsa masa aka mai da shi gyaran takalma. Ya rasu a 1691, a shekarar da ta biyo kuma Joseph de Beaufort ya fara buga wasiƙunsa da maganganunsa. Farkon tubansa ma kallo ne: yana ɗan shekara goma sha takwas ya ga itace tsirara a lokacin hunturu, ya tuna za ta sāke toho, sai sanin ikon Allah da kulawarsa ya kama zuciyarsa. Amma bayan wannan, ba a san shi da tsamo darasi daga tukwane ba. Bai ce tukunya kamar zuciya take ba. Wanke ta yake yi, yana sane cewa a gaban Allah yake, har ya ce lokacin hayaniyar girki da lokacin durƙuso duk ɗaya ne a wurinsa. A nan aikin yau da kullum bai zama alamar wani abu ba, shi kansa ne wurin saduwa. Kusa da wannan akwai bitar yini da Ignatius na Loyola ya tsara a littafinsa na 1548, inda mutum ke farawa da godiya, ya bi sa'o'in yininsa ɗaya bayan ɗaya, ya nemi gafara, ya ƙudura gyara. Babu mai sauraro a nan, don haka babu jarabar gyara labari don ya yi daɗin ji.

Haɗarin da ya fi na misali maras nauyi shi ne karanta masifa. Wanda ya saba ganin saƙo cikin komai, wata rana zai ga saƙo a ciwon maƙwabcinsa. Abokan Ayuba gwanayen wannan ne: sun dubi gyambunansa da mutuwar 'ya'yansa suka tsamo darasi mai tsari, cewa lalle akwai zunubin da ya ɓoye, a ƙarshen littafin kuwa su ne Allah ya tsawata wa. Yesu ma sau biyu ya toshe wannan ƙofa. A sura ta 9 ta Yahaya almajiransa sun tambaye shi laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. A sura ta 13 ta Luka ya ambaci mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya mai da kiran tuba kan masu sauraronsa. Wato darasin da ya halatta a tsamo daga bala'i na mai kallo ne, ba hukunci ba ne a kan wanda abin ya faɗa wa.

Wannan ya shafi lokacin shaida kai tsaye. Mutum ya tsira daga haɗarin mota, ya tashi ya gode wa Ubangiji, daidai ne, ya kamata. Amma da zarar ya ƙara da cewa ya tsira ne saboda bai fasa zakarsa ba, ko don ya yi addu'a kafin ya fito, to ya faɗi wani abu a kan waɗanda suka mutu a motar, kuma mai yiwuwa gwauruwar ɗayansu tana zaune a benci na uku. A yankin da ikilisiyoyi da yawa suka binne mutanensu sakamakon rikici da harin 'yan bindiga, dattawan da ke jagorantar sujada suna da nauyin koya wa jama'a inda godiya ta tsaya da inda fassara nufin Allah ta fara. Akwai ranakun da ba su da darasi tukuna, kuma Zabura cike take da addu'o'in mutanen da suka kai kuka ba tare da sun fahimci dalili ba.

Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller ya ba da shekaru masu yawa na rayuwarsa a kai. Duk da haka, idan aka fassaro rubutun ibada daga waje, da dusar ƙanƙararsa da wasanninsa yake zuwa, mai karatu sai ya fara fahimtar misalin kafin ya kai ga abin da ake misaltawa. Alhali manomin gero da ya yi shuka a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan farko ya fi mazaunin Grand Rapids kusa da duniyar misalan Yesu. Macen da ke sussuka da shiƙa ta san bambancin tsaba da ƙaiƙayi da hannunta, makiyayi ya san yadda ake gane tunkiya guda ta ɓace tun kafin a ƙirga. Har inda aka bambanta ma akwai abin dubawa: maginin Irmiya a kan faifai mai juyawa yake aiki, maginan ƙasar Hausa kuwa da hannu suke ginawa, sannu a hankali, sai mai wa'azin da ya je ya zauna wurinsu ne zai san me suke yi da tukunyar da ta karkace, da lokacin da yumɓu ke daina karɓar gyara. Irin wannan sani yana hannun matan zumunta da manoma da 'yan kasuwa, waɗanda ba su ne ake ba alƙalami ba idan kwamitin ikilisiya ya zauna rubuta littafin ibada na shekara mai zuwa. Da kwamitocin za su bi gida-gida su saurara kafin su rubuta, su kuma bar wa kowane labari juyinsa ko da bai dace da jigon watan ba, da littattafan sun canja tun daga shafin farko.