Bakan Gizo da Majami'ar Santiyago: Tsokaci Kan Kalmomin Gini

A Kafanchan da kewayenta, inda ake ibada da Hausa a majami'u da dama, mai bayanin tsofaffin wuraren ziyarar Kirista yakan ruga aron kalmomin Ingilishi, wai Hausa ba ta da nata. Hujjar ba ta da ƙarfi. Majami'ar Wusasa, wadda aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa, shaida ce cewa magina sun riga masu fassara.

Sai dai kalmar "bakan gizo" tana buƙatar hattara. A majami'ar Santiyago ta ƙasar Sifen, wadda aka soma a 1075 inda masu ziyara ke girmama kabarin Manzo Yakubu, sassaƙaƙƙun duwatsu ne ke tokare juna, nauyinsu ya bi ginshiƙai ya sauka ƙasa. Bakan gizon Babban Gwani a masallacin Juma'a na Zariya kuwa, azara ce ƙashinsa, aka lulluɓe ta da laka. Siffar ta zo ɗaya, amma dabarar ɗaukar nauyi ta bambanta. Saboda haka ya kamata mai fassara ya ce "bakan gizon dutse", sannan ya bayyana cewa babu azara a cikinsa.