Majalisar sauraren faifai: In mai waƙa na zaune, wa zai ce ba daɗi?

A DAREN 23 ga Maris, 2020, ranar da gwamnatin Birtaniya ta umarci kowa ya zauna a gida saboda annobar korona, wani mawaƙin Ingila mai suna Tim Burgess, jagoran ƙungiyar The Charlatans, ya gayyaci jama'a wata irin majalisa. Ba zaure, ba tabarma. Sharaɗin kawai shi ne da ƙarfe 10 na dare kowa ya kunna faifan su na farko, 'Some Friendly' na 1990, a ɗakin sa, a lokaci guda. Waƙa na tafiya, shi kuma ya na ba da labarin yadda aka yi ta a Twitter, masu saurare na tofa albarkacin bakin su.

Kafin ka ce kwabo, abu ya kankama. A makon farko ma sai da aka saurari 'Parklife' na Blur da 'Definitely Maybe' na Oasis, tare da wasu daga cikin waɗanda su ka yi kiɗan. Daga baya har Paul McCartney ya zo da nasa. An yi irin wannan zama fiye da sau dubu, an buga littafi a kan sa a 2021, sannan a 2023 shirin ya shiga gidan rediyon Absolute Radio.

Sai mu fara da yabo, don ya cancanta. Majalisar ta dawo wa faifai da mutuncin sa. Yau mutum zai latsa waƙa a waya, bai kai rabi ba ya tsallaka wata. A wannan zama kuwa babu tsallake. In ka tsallake ka bar ayari. Dole ka ji waƙa ta bakwai da ka saba gudu, ka gane dalilin da ya sa aka aje ta bayan ta shida. Waɗanda su ka fi cin moriyar wannan su ne ƙananan mawaƙa masu salon da Turawa ke kira 'indie pop', wato waƙoƙi masu taushi da sauƙin kiɗa waɗanda ƙananan kamfanoni masu cin gashin kan su ke fitarwa. Irin wannan waƙa ba ta da hayagaga. In ba ka zauna mata ba, ba za ta buɗe maka ƙofa ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Mai faifan ya na zaune a tsakiyar majalisa. A duk zaman da na bibiya, abin da ke gudana kusan iri ɗaya ne: mawaƙi ya sako tsohon hoton ɗakin ɗaukar sauti, ya faɗi wanda ya ara masu jita, sai ruwan yabo ya ɓarke. Wannan ya ce da waƙar aka yi bikin sa, wancan ya ce ta tuna masa da marigayin mahaifin sa. Duk gaskiya ne, kuma akwai taɓa zuciya. Sai dai har faifan ya ƙare da wuya ka ji wanda ya ce, "Malam, wannan waƙa ta huɗu cikon benci ce." Wa zai faɗa? Ko mu nan da ke sharhin fim mun san yadda alƙalami ke yin sanyi in ka san gobe za ka haɗu da daraktan a wajen ɗaurin aure.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne, salon nan da gardama ya girma. Tun daga kaset ɗin 'C86' da jaridar NME ta haɗa a 1986, masoyan sa su na buga 'yan ƙananan mujallun su da injin kwafi, su na yabon wanda su ka ga dama, su na ragargazar wanda su ka ga ya sayar da kan sa. Kamfanin Sarah Records na garin Bristol, wanda Clare Wadd da Matt Haynes su ka kafa a 1987, daga cikin irin waɗannan marubuta ya fito, kuma da su ka kai lamba ta 100 a 1995 sai su ka rufe shago da gangan. Mutanen da ke da irin wannan taurin kai ba 'yan amshin Shata ba ne.

Na gwada ɗaya hanyar da kai na. Mu 'yan kaɗan ne, kowa a garin sa, mu ka sa lokaci mu ka kunna 'Tigermilk', faifan farko na ƙungiyar Belle and Sebastian ta Glasgow a Sikotilan. A 1996 ya fito, kwafi 1,000 kacal, ta hannun ɗaliban wata kwaleji da ke koyon kasuwancin waƙa. Jagoran su, Stuart Murdoch, ya shafe shekaru ya na fama da ciwon kasala mai tsanani kafin ya rubuta waƙoƙin, shi ya sa za ka ji su kamar na wanda ya daɗe ya na kallon duniya ta taga.

Lafiya lau mu ke tafiya har mu ka iso 'Electronic Renaissance', waƙa ɗaya tilo da aka cika ta da kiɗan na'ura a cikin faifan da jita ke jan ragamar sa. Nan fa aka yi ta! Wata 'yar'uwa ta ce ƙuda ne ya faɗa cikin nono. Wani ya ce a'a, ita ce tagar da aka buɗe don kada ɗaki ya yi zafi. Ni dai ina bayan 'yar'uwar a daren, kuma na faɗa ba kunya. Faifan minti arba'in da 'yan kai ne, amma mun kai ƙarfe ɗaya na dare mu na musu. Washegari na sake sauraren waƙar sau uku don in samo hujjar kare kai na, sai na tarar rabin hujjar ta abokin gardama ta ce. Da Murdoch na cikin mu, na tabbata da "madalla" za mu ce mu wuce, kuma da ban koma kan waƙar ba.

Ban ce a kori mawaƙa daga majalisa ba. Akwai abin da sai su za su iya faɗa, kuma a lokacin kulle, da aka rufe wuraren wasa, zaman ya riƙe mutane da dama, mawaƙa da masu saurare. Abin da na ke so shi ne a raba zaman biyu: daren farko da mai faifai, a sha labari, dare na biyu kuma ya yi haƙuri ya ba mu wuri. Mu dai a tamu 'yar majalisar mun riga mun sa 'If You're Feeling Sinister', faifan su na biyu, a wata mai zuwa, kuma 'yar'uwar nan ta aiko da saƙo cewa ta na da magana a kan waƙar ƙarshe.