Tuba a Ɓoye: Nazari a kan Fim ɗin Hard Eight

Hard Eight, wanda ya fito a 1996, shi ne fim na farko mai cikakken tsawo da Paul Thomas Anderson ya ba da umarninsa, kuma an shirya shi da kuɗi kaɗan. Yawancin labarin yana gudana ne a gidajen caca na birnin Reno, a jihar Nebada ta Amurka. Wani dattijo ɗan caca mai suna Sydney, wanda Philip Baker Hall ya fito a matsayinsa, ya tsinci saurayi John a ƙofar wani gidan abinci, ya rasa dala 6,000 ta jana'izar mahaifiyarsa. Dattijon ya ja shi a jiki, ya koya masa dabarun cin abinci a gidan caca, ya zame masa uba. Sai can gaba ake gane cewa Sydney ne ya kashe mahaifin John a Atlantic City shekaru da dama da suka wuce.

Ƙarancin kuɗi ya amfani fim ɗin. Babu ƙyalƙyalin da manyan finafinai kan lulluɓe caca da shi. Abin da ake gani shi ne gajiyayyun fuskoki da ƙuntatattun ɗakunan otal. Sunan fim ɗin ma na wata caca ce inda ake fatan ƙwayoyin jifa biyu su faɗi a kan huɗu da huɗu, alhali hanyoyin faɗuwa goma ne, ta ci ɗaya tak.

Muhimmin batun shi ne tuba. Malamai, kamar Imam Nawawi a Riyadus Salihin, sun bayyana cewa idan laifi ya shafi haƙƙin ɗan Adam, nadama kaɗai ba ta isa ba, sai an mayar da haƙƙin ko an nemi yafiya. John shi ne waliyyin jini, mai zaɓi tsakanin kisasi da diyya da afuwa. Sydney ya ba shi kulawa da dukiya, amma ya hana shi sanin gaskiyar da za ta ba shi wannan zaɓi. Da Jimmy, wanda Samuel L. Jackson ya fito a matsayinsa, ya yi barazanar tona asiri, sai dattijon ya harbe shi. Ke nan alherin nasa ya ƙare da zubar da jini na biyu.

Inda fim ɗin ya yi rauni shi ne kwarjinin da ya ba Sydney, har mai kallo ya kusa yafe masa a madadin John. Haka kuma Clementine, matar John, ba a zurfafa halinta ba. Duk da haka, rufewar ta yi adalci: Sydney ya hango ɗigon jini a bakin hannun rigarsa, ya ja kwat ya rufe shi, ya ci gaba da zamansa.