Gyaran bawul ta tsakanin haƙarƙari

Duk bakaniken babur a Randagi ya san bawul: ɗan marfi ne mai barin abu ya wuce, ya hana shi komowa. Zuciya na da irinsa huɗu. A ƙasarmu, ciwon maƙogwaron ƙuruciya da bai samu penisilin ba yakan lalata su a hankali, musamman na hagu da likitoci ke kira mitral, har mutum ya kasa kai kunya guda bai yi haki ba.

A da sai an tsaga ƙashin ƙirji, kamar tiyatar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya, wadda Magdi Yacoub da Fabian Udekwu suka yi a Inugu a 1974. Manomi kan yi wata biyu ko uku bai ɗaga fartanya ba. A 1996 Alain Carpentier na Faransa ya gyara bawul ta ƙaramar kafa, kyamara na yi masa jagora.

A wannan sabuwar hanya, likitan sa barci ne ke share fage. Zai sace iskar huhun dama don a samu wuri, ya zura na'urar hoto ta maƙoshi ta tsaya a bayan zuciya. A gindin cinya ake sa bututu biyu: ɗaya ya kwashi jini zuwa inji, injin ya ba shi iska, ɗayan ya maido shi. Sannan a yanka kamar santimita 5 tsakanin haƙarƙarin dama. A matse babbar jijiya, a zuba ruwan sanyi mai sinadarin potassium, zuciya ta tsaya cik. Hannu ba ya shiga wannan kafa. Da dogayen almakashi da hantsaki likita ke ɗinki, idonsa na kan allo, ko ƙullin zare da sanda ake tura shi.

Asibitin da ke son fara wannan sai ya ƙware a tsohuwar hanya tukuna, ya tanadi jini da janareto, ma'aikatansa su yi ta atisaye tare. Inda aka sayi inji aka bar shi a lulluɓe yana shan ƙura, ba a ko kama hanya ba. Ƙwararru kuwa, zarton tsaga ƙirji na kusa da hannunsu, ko da ta-kwana.

Na fi jinjina wa mai gyara bawul a kan mai sauya shi. Bawul na ƙarfe yana buƙatar maganin warfarin da gwajin jini muddin rai, ga shi daga Randagi asibitin Shika tafiya ce.

A ɗakin tiyata kuwa, in ɗinki ya kammala, a fitar da iskar da ta maƙale, a saki jijiya. Jini mai ɗumi ya shiga, zuciya ta motsa, kowa ya juya ga allo ya ga ko marfin na rufewa ruf.